Rangadin Bruce Springsteen da Tsadar Tikiti: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar an ce Bruce Springsteen zai fita rangadi, masoyansa kan shiga hali biyu a lokaci guda: ga murna, ga lissafin aljihu. Tun abin da ya faru a watan Yulin 2022 kuwa lissafin ya rinjayi murnar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin masu shirin zuwa kallo, musamman wanda bai taɓa sayen tikitin babban wasa a Turai ko Amurka ba.

Wane ne shi, kuma me ya sa tikitinsa ya fi na kowa jawo surutu?

Mawaƙin kiɗan rok ne ɗan Amurka, haifaffen jihar New Jersey a watan Satumban 1949. Tun farkon shekarun 1970 yake yawo da rukunin makaɗansa mai suna E Street Band, kuma laƙabin da ya bi shi, The Boss, ma'anarsa dai maigida. Akwai mawaƙan da tikitinsu ya fi nasa tsada ba a yi musu ca ba. Abin da ya sa nasa ya yi zafi shi ne ya gina sunansa a kan waƙe talaka: leburan masana'anta, tsohon soja da ya dawo gida bai tarar da aiki ba, garin da aka rufe kamfaninsa. Shekara da shekaru kuma yana sayar da tikiti ƙasa da abin da kasuwa za ta iya biya. Mutanen da suka saba da wannan ne suka wayi gari suka ga kujera ɗaya a kan dubban daloli.

Akwai kuma batun shekaru. Biyu daga cikin makaɗan asali sun riga mu gidan gaskiya, Danny Federici a 2008 da Clarence Clemons a 2011. Kowane rangadi yanzu ana kallonsa kamar na ban kwana, kuma wannan tsoron kansa yana ƙara wa tikiti kuɗi.

Mene ne takamaimai ya faru a 2022?

Rabon rukunin da rangadi tun farkon 2017, ga annobar korona ta shiga tsakani. Da aka buɗe sayar da tikitin wasannin Amurka a watan Yulin 2022, an yi amfani da tsarin farashi mai hawa da sauka na kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a kan wani ɓangare na kujerun. Cikin mintuna kaɗan wasu kujerun ƙasa, waɗanda ba ma na sahun gaba ba ne, suka kai dala 4,000 zuwa 5,000. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne ba 'yan cuwa-cuwa ne suka sa wannan farashin ba. A shafin kamfanin ne kansa, a sayarwar farko, kuma ga mutanen da aka riga aka tantance a matsayin masoya na gaskiya.

Mujallar Backstreets, wadda masoyansa ke bugawa tun 1980, ta rufe a farkon 2023 bayan shekara 43, kuma ta ambaci wannan takaicin cikin dalilanta. Rangadin dai ya fara ranar 1 ga Fabrairun 2023 a birnin Tampa na jihar Florida.

To da gaske kowa dala dubu-dubu ya biya?

A'a. Bayan surutu ya yi yawa, Ticketmaster ya fitar da alƙaluma: kusan kashi 88 cikin 100 na tikitin an sayar da su a kan tsayayyen farashi, daga dala 59.50 zuwa dala 399 kafin kuɗin hidima. Matsakaicin farashi dala 262. Waɗanda suka haura dala 1,000 kuwa kashi 1.3 ne kacal.

Alƙaluman na kamfanin ne, kuma ko da sun tabbata ba su kashe maganar ba. Masu arahar sun ƙare ne a mintunan farko. Duk wanda layi ya kai shi bayan rabin awa, abin da ya tarar a allonsa shi ne ragowar masu tsadar, don haka a wurinsa farashin wasan ke nan. Matsakaicin farashi ba ya amfanar wanda ke lamba ta dubu ashirin a layi.

Yaya wannan farashi mai hawa da sauka yake aiki?

Kamar kuɗin mota ne a tasha ana jibi Sallah, sai dai a nan kwamfuta ce kamasho. Ana ware wasu kujeru a sa musu suna Official Platinum. Ba su da tsayayyen farashi. Ana ɗaga shi ko a sauke gwargwadon yawan masu nema da kuma abin da irinsu ke kamawa a kasuwar hannu na biyu.

A kula da abu ɗaya, domin nan ne mutane da yawa ke faɗawa: sunan ya yi kama da na wata alfarma, amma kujera ce zalla. Babu abinci, babu ƙofa ta musamman, babu gaisawa da mawaƙi. Kana iya biyan dala 1,200, na kusa da kai ya biya 300, gwiwarku na gugar juna. Tikitin alfarma na gaske daban yake, kuma akan lissafa abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Laifin wa ke nan, kamfanin tikiti ko mawaƙin?

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yawancin zagin a kan Ticketmaster ya sauka, amma ba a kunna wannan tsarin sai da yardar mawaƙi da manajojinsa da masu shirya wasan. Springsteen da kansa bai musa ba. A hirarsa da mujallar Rolling Stone a watan Nuwamban 2022 ya nuna cewa a wannan karon ya ce wa mutanensa su yi yadda tsararrakinsa ke yi, kuma hujjarsa ita ce idan har za a sayar da tikitin a wannan kuɗin, gara ya shiga aljihun masu zufa a kan dandamali maimakon na dillalai.

Hujjar tana da ƙafa, amma ɗaya ce. Gaskiya ne idan aka sayar da tikitin dala 300 alhali akwai mai biyan 1,500, dillali ne ke kwashe bambancin. Sai dai akwai wata hanyar toshe dillali ba tare da an koma dillalin ba. A 2023 rukunin The Cure sun ƙi wannan tsarin a rangadinsu na Amurka, suka sa tikiti daga dala 20, suka hana miƙa shi ga wani sai a kan farashin asali duk inda doka ta bari. Da jagoransu Robert Smith ya ga kuɗin hidima ya yi yawa, ya matsa har kamfanin ya mayar wa masu saye dala 10 ko dala 5 a kan kowane tikiti. Wato abin zaɓi ne.

Wani abin ban mamaki: a 2009 Springsteen ne kan gaba wajen sukar Ticketmaster, lokacin da shafin ya riƙa tura masu neman tikitinsa zuwa TicketsNow, reshensa na hannu na biyu, inda farashi ya ninka.

Ta yaya zan gane irin tikitin da nake kallo?

Iri uku ne ke cakuɗe a taswirar zaure ɗaya. Na farko mai tsayayyen farashi, shi ne abin nema. Na biyu mai hawa da sauka, wanda za ka ga an rubuta masa Platinum ko wata kalma mai nuna ana rububinsa. Na uku na hannu na biyu, wanda wani ya saya ya mayar kasuwa a shafin. A taswirar Ticketmaster ta Amurka ɗigon shuɗi na sayarwar farko ne, mai ruwan hoda na hannu na biyu.

Abin yi tun kafin ka taɓa kowace kujera: buɗe wurin tace sakamako, ka cire alamar da ke kan iri na biyu da na uku, ka sa iyakar kuɗinka. Daƙiƙa goma ne aikin, amma yana hana ka zaɓar kujera cikin rawar jiki sai a shafin biya ka ga abin da ka ɗauko.

Me ya sa kuɗin ke ƙaruwa idan an zo biya?

Kuɗin hidima ne, da kuɗin zaure, da na sarrafa oda, wani lokaci da haraji. Wani bincike da ofishin bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar a 2018 ya gano cewa a tikitin da ya duba, waɗannan kuɗaɗe sun kai kimanin kashi 27 cikin 100 na farashi a sayarwar farko, da kashi 31 a hannu na biyu. Idan aka ɗora kashi 27 ɗin a kan tikitin dala 399, ya koma kusan 507. Mutum biyu ke nan sun haura dubu. Ba kamfanin tikiti kaɗai ke cin kuɗin ba, ana raba shi da masu zaure da masu shirya wasa.

Tun watan Mayun 2025 wata ƙa'idar hukumar kare masu saye ta Amurka ta tilasta nuna jimlar farashi tun farko. Ba ta rage ko sisi ba, ɓoyewar kawai ta hana.

Wane shiri ya kamata in yi kafin ranar buɗe sayarwa?

Shirin yana farawa ne ranar da aka sanar da rangadi. Sau da yawa akan buɗe rajista ta 'yan kwanaki, daga nan a aika wa waɗanda aka zaɓa lambar sirri ta waya ko imel. Lambar ba tikiti ba ce, izinin shiga layi ne kawai, kuma tana ɗaure da asusun da aka yi rajistar da shi. Wanda bai samu ba akan ce yana jerin jira.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka shiga asusunka ka tabbatar kalmar sirri na aiki, lambar wayar da ke ciki ita ce a hannunka, kuma ka adana katin biya da adireshin da ya yi daidai da wanda ke banki. Ka tabbatar da kamfanin da ke sayarwa, domin ba ko'ina ne Ticketmaster ba: a Jamus sau da yawa Eventim ne, wasu zaurukan Birtaniya da Amurka kuma AXS. Hanyar da ta fi tsaro ita ce bin mahaɗin da ke shafin mawaƙin. Idan ka rubuta sunan wasan a Google, sakamakon sama-sama galibi tallar 'yan hannu na biyu ne.

Sai ka zauna da taswirar zauren ka zaɓi sassa uku: wanda kake so, wanda za ka iya haƙuri da shi, da na dole. Ka rubuta iyakar kuɗinka a takarda, har da kuɗin hidima. Wannan ba wasa ba ne. Agogo na gudu a gefen allo, kujeru na ɓacewa a gabanka, a nan ne mai hankali ke kashe kuɗin hayar wata biyu.

Lokacin buɗewa na garin da za a yi wasan ne, yawanci ƙarfe goma na safe. Ka lissafa bambancin da kanka. Goma na safe a New York lokacin bazara ƙarfe uku na rana ne a Kano ko Yamai. Da hunturu kuwa ƙarfe huɗu.

A ranar kuma fa? Me ke ɓata ciniki?

Ka shiga ɗakin jira da zarar an buɗe shi, 'yan mintuna kafin lokaci. Na'ura ɗaya, shafi ɗaya, asusu ɗaya. Buɗe shafuka da yawa da asusu guda yana sa tsarin ya ɗauke ka a matsayin manhajar wawaso ya kore ka. Haka ma amfani da VPN, wato manhajar ɓoye inda kake hawa intanet, haka ma intanet ɗin ofis ko otal da mutane da yawa ke hawa a lokaci guda. Kada ka sabunta shafi kana cikin layi.

Idan ka shiga, kada ka tsaya zaɓen tumun dare. Kujerar da kake gani wasu ɗaruruwa ma suna ganinta, shi ya sa za ka taɓa a ce wani ya riga ka. Dabarar ita ce ka bar sahun gaban kowane sashe, inda kowa ke kai hannu, ka nemi na tsakiya ko na baya. Idan ku huɗu ne, biyu-biyu ya fi sauƙin samu a kan huɗu a jere. Akwai kuma iyakar adadi ga mutum ɗaya, kuma wanda ya zagaye ta da asusu biyu masu kati ɗaya ana iya soke masa duka.

Mafi cin rai shi ne ta leƙo ta koma a shafin biya. Dalilan kusan kullum uku ne: banki ya ga kuɗi mai yawa zuwa waje ya toshe, lambar tabbatarwa ta makara har mintunan da aka ba ka suka ƙare, ko adireshin kati bai dace ba. Maganin shi ne sanar da banki tun da wuri da ajiye kati na biyu a kusa.

Idan na rasa a ranar farko, shi ke nan?

Ko kusa. Ranar farko ce ranar da farashi ya fi hauka, domin ita ce ranar da kowa ke tsoro. Bayanta akwai ƙofofi. Idan wasa ya ƙare da wuri akan ƙara dare na biyu a birni ɗaya, kamar yadda aka yi biyu a Hyde Park na Landan a Yulin 2023, da biyu a filin wasa na Wembley a Yulin 2024. Akwai kujerun da masu shiri ke riƙewa har sai an kafa dandamali an ga inda kyamara da na'urorin sauti za su zauna. Ragowar akan sake su a makon wasa, wani lokaci a ranar, a kan farashin asali. Kujerun Platinum da ba su shiga ba ma sukan sauko.

Dillalai kuma tikiti a hannunsu kamar tumatir ne, ana tashi daga wasa ya zama shara. A farkon rangadin 2023, a birane irin su Houston da Tulsa, na hannu na biyu ya faɗi ƙasa da farashin asali sosai ana dab da wasa. Amma kada a ɗauki wannan a matsayin doka. A New York da New Jersey, inda nan ne gida, ko a ƙaramin zaure, farashi ba ya cika saukowa. Jira na mai zama kusa ne, wanda idan bai samu ba zai koma gida ya kwanta. Wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi da otal bai kamata ya yi caca da daren ba.

Sayen na hannu na biyu yana da haɗari?

Ya danganta da inda ka saya. Mafi aminci su ne dandalan musayar masoya da ke da iyakar farashi, irin su Twickets a Birtaniya, da fanSALE na Eventim, da tsarin musaya a farashin asali na Ticketmaster. Manyan kasuwanni irin su StubHub da Viagogo suna da alƙawarin mayar da kuɗi idan tikiti bai yi aiki ba, amma mayar da kuɗi ba zai shigar da kai zaure ba.

Abu biyu ne ke cin mutane. Na farko tikitin da mai sayarwa bai ma mallaka ba: ya sa shi kasuwa tun kafin a buɗe sayarwa, da nufin idan ka biya ya nemo mai araha. Cinikin biri a sama ke nan. Alamarsa ita ce babu lambar sahu ko ta kujera, sai sunan yanki kawai. Na biyu hoton allo. Yawancin tikitin yanzu a manhajar waya yake, kuma lambar da ake haskawa a ƙofa tana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙu, don haka hoto ba ya buɗe ƙofa. Tikitin gaske ana tura shi ne daga asusu zuwa asusu, ya bayyana a manhajarka da sunanka. Duk wanda ya same ka a Facebook ko X ya ce ka tura kuɗi kai tsaye ya aiko maka hoto, ka bar masa kayansa.

Turai ta fi Amurka sauƙi?

Galibi eh, saboda dalili biyu. A Turai filayen ƙwallo da manyan fili ake amfani da su, masu ɗaukar dubu hamsin zuwa sama, alhali zaurukan Amurka irin su Madison Square Garden kimanin dubu ashirin suke ɗauka. Sannan dokoki sun fi tsauri. Faransa ta hana sana'ar sake sayar da tikiti ba da izinin mai shiri ba tun 2012. Ailan ta hana sayarwa sama da farashin asali a wuraren da aka ayyana tun 2021. A Italiya manyan wasanni na da tikiti mai suna, ana iya duba shi da katin shaida a ƙofa, kuma canza suna sai ta hanyar hukuma kafin wa'adi ya cika. Wanda zai je filin wasa na San Siro a Milan ya riƙe wannan da kyau.

Ba wai Turai ta tsira ba ne. A ƙarshen Agustan 2024 masu neman tikitin rukunin mawaƙa na Oasis a Birtaniya sun shafe sa'o'i a layi, suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya koma sama da fam 350, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike.

Ina son gaban dandamali. Yaya ake samu?

Tikitin tsayuwa ba shi da lambar wuri, don haka wanda ya fara shiga shi ke kama ƙarfen gaba. A Amurka al'adar wasanninsa ita ce ƙuri'a: da rana akan raba abin ɗaura wa hannu mai lamba, a zaro lamba ɗaya, mai ita ya zama na farko, sauran su biyo a jere. Zuwa da asuba ba ya ƙara maka komai.

A Turai kuwa masoya ne ke tsara kansu. Kwanaki kafin wasa wasu kan buɗe littafi kusa da filin, a rubuta sunanka, a zana maka lamba a bayan hannu da alƙalami mai kauri. Daga nan sai kiran suna sau biyu ko uku a rana; ka fashi ɗaya, an goge ka. Tsari ne na yarda da juna, kuma masu tsaron fili ba dole ne su bi shi ba, kodayake sau da yawa suna bi. A kula kuma a manyan filaye tsayuwa iri biyu ce, ta gaba da ta baya, da shinge a tsakani da farashi daban. Wanda ya sayi ta baya, ko ya kwana a ƙofa ba zai isa gaba ba.

Idan aka ɗage wasan ko aka soke fa?

Da mawaƙin da ya haura saba'in, wannan tambaya ce ta gaske. A Agustan 2023 an ɗage wasanni biyu na Philadelphia ana saura sa'o'i, aka yi su bayan shekara guda. A Satumba aka sanar yana fama da gyambon ciki, ragowar wasannin shekarar suka koma 2024. A Mayun 2024 matsalar murya ta sa aka ɗage na Marseille da Prague da Milan zuwa 2025.

Sokewa da ɗagewa ba ɗaya ba ne. Idan an soke, kuɗi na komawa katin da aka biya da shi, don haka kada ka rufe katin. Idan an ɗage, tikitinka na nan daram don sabuwar ranar, kuma akan ba da wa'adin neman kuɗi. A 2023 kwana 30 aka bayar. Wa'adin na wanda ya saya a hannun kamfanin tikitin ne. Wanda ya saya a kasuwar hannu na biyu yawanci ba a mayar masa idan ɗagewa ce. Jirgi da otal kuwa babu ruwan kowa da su, shi ya sa otal ɗin da ake iya fasawa kyauta ya fi mai rangwamen da ba a mayarwa.

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar, me zai ƙara lura da shi?

Lokutan ba su jitu ba. Tikiti kan fita wata shida zuwa shekara kafin wasa, amma bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ba a nemanta sai ana saura wata shida, ta ziyarar Birtaniya kuma wata uku. Ke nan za ka biya kafin ka san ko za a ba ka biza, kuma hana biza ba dalilin mayar da kuɗin tikiti ba ne. Saboda haka ka duba tun farko ko tikitin ana iya sake sayar da shi a dandalin hukuma. Katin naira kuma yana da iyakar abin da zai kashe a waje, iyakar da kan canza daga banki zuwa banki. Katin asusun dala ya fi tabbas. Wasu shafukan suna neman lambar wayar ƙasar don tantancewa. Idan ɗan'uwa a can ne zai saya maka, ku tabbatar tikitin mai turuwa ne, kuma ba mai suna ba.

Ya taɓa yin wasa a Afirka?

Ya yi. A Oktoban 1988 ya zo Harare da Abidjan cikin rangadin kare haƙƙin ɗan Adam na Amnesty International, tare da Youssou N'Dour na Senegal, da Sting, da Peter Gabriel, da Tracy Chapman. A farkon 2014 kuma ya yi wasa a Cape Town da Johannesburg.

Hukumomi ba su yi komai ba?

Sun motsa, a hankali. Tun 2016 akwai dokar Amurka da ta haramta manhajojin wawason tikiti. Marigayi Bill Pascrell, ɗan majalisa daga New Jersey, ya shafe shekaru tun 2009 yana gabatar da ƙudurin da ya raɗa wa laƙabin Springsteen. Bayan rushewar sayar da tikitin mawaƙiya Taylor Swift a Nuwamban 2022, majalisar dattawa ta yi zaman sauraro a Janairun 2023. A Mayun 2024 ma'aikatar shari'a da jihohi kusan 30 suka maka Live Nation a kotu, wato kamfanin da ya haɗe da Ticketmaster a 2010, bisa zargin mamaye kasuwa: shi ke shirya wasa, shi ke riƙe da zauruka da dama, shi ke sayar da tikiti.

A daren wasan, me zan tarar?

Yawanci babu mai share fage, don haka lokacin da ke jikin tikiti kusan shi ne lokacin farawa. Wanda ya saba da zuwa a makare zai tarar an yi nisa. Wasan kan ɗauki kusan awa uku babu hutu. Mafi tsawo da aka sani shi ne na Helsinki a Yulin 2012, awa huɗu da 'yan mintuna. A watan ne kuma aka kashe masa makirufo a Hyde Park, yana tare da mawaƙi Paul McCartney, saboda ya wuce lokacin tashi da hukuma ta gindaya. Ka duba jirgin ƙasa na ƙarshe tun kafin ka fito.

Ka sauke tikitin cikin wayarka tun a masauki, domin inda mutum dubu saba'in suka taru sabis kan ɗauke. Ka zo da caji cike. Filaye da yawa a Birtaniya ba sa barin jakar da ta fi girman takardar A4, na Amurka kuma da dama sai jakar leda mai nuna ciki, kuma yawancinsu ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. Mai tsayuwa kusa da manyan lasifika ya tanadi abin toshe kunne, da takalmin da zai iya tsayuwa a cikinsa awa shida idan aka haɗa da layi.